Ragon Sunan Abhay

Wuƙa tana hannuna, rago yana kwance, Tankari ya danne masa ƙafafu, sai na tuna har yanzu babu wanda ya faɗa mini sunan yaron.

Irin wannan ne ke ƙona mini rai da mutanenmu na Guangzhou, nan ƙasar China. Tun da sassafe na fito, na yi tafiyar awa guda a mota zuwa bayan gari, gonar wani musulmin ƙasar mai kiwon tumaki, na shiga garke da kaina na zaɓo rago mai wuya, amma duk cikin masu hidimar shinkafa da miya babu wanda ya ga ya kamata a ce mini ga suna. Ni kuwa ba na yanka ragon suna a makance. Haka mahaifinmu ya koya mini a kwatar Kano: ka yi bisimilla, ka ce wannan na wane ne ɗan wane, sannan ka ja wuƙa.

Sunana Babayo. Aikina a nan ɗaurin dilar wandon jins a Xintang, amma asalina mahauci ne ɗan mahauci, shi ya sa duk Bahaushen da aka yi wa haihuwa a garin nan ni yake nema. Wannan ragon kuwa ba aikin wani na zo yi ba. Na ɗan ƙanena Saifullahi ne, ƙanen nawa da dila ta suɓuce daga bakin injin ɗaga kaya a wani sito ta danne shi, wata biyar da suka wuce. Kwana uku ya yi a asibiti ya cika. Ina Kano a lokacin wajen sabunta biza, ko gawarsa ban gani ba.

Ni ba ni da ɗa. Aure biyu na yi duka suka watse, kowacce ta tafi da nata ƙorafin. Don haka ranar da aka ce matarsa Radiyya ta sauka an samu namiji, a kan dila na zauna na yi kuka a gaban 'yan lodi, kuma a wurin na gama shirina. A mayar da sunan ubansa. In an yaye shi in karɓe shi, in riƙe shi a hannuna, ya tashi yana kirana Baba. Abin da ya rage mini a duniya ke nan, kuma ban ga wanda zai yi mini gardama a kai ba.

Na maƙale waya a kafaɗa na kira Hajjo. Dattijuwa ce 'yar Kano mai shagon gyale a Tianxiu, ita ke zaune da Radiyya tana yi mata wankan jego. Radiyyar kanta ba zan kira ba. Matar ƙane suruka ce, tsakaninmu sai gaisuwa, ita ma kanta a ƙasa.

"Hajjo, ina kan rago. Saifullahi zan ambata ko?"



"Malam Babayo, da ma tun jiya nake son in kira ka. Ta ce Abhay."

"Ta ce me?"

"Abhay. Ga shi nan ta rubuta mini a takarda. Ta ce wasiyyar marigayi ce. Liman ma ya sani, da sunan ya yi wa yaron huɗuba a asibiti. Ya ce tunda ya bincika ma'anar..."

Na kashe wayar.

Wasiyya? Ƙarya ce, haka zuciyata ta ce mini. Saifullahin da ya haddace izu arba'in, shi ne zai tsallake sunayen annabawa da sahabbai, ya tsallake sunan ubanmu, ya ɗauko wani abin da ko harshe ba ya son ɗauka? Kuma mu a wurinmu suna ba ya faɗowa daga sama. Duk inda ka ji an raɗa wa yaro suna, tambayar farko ita ce, sunan wa aka sa? Kowane yaro da takwaransa, ko kaka, ko kawu, ko aminin uba, ko wanda ya taɓa yi wa gidan alheri. Ni ma'ana ba ta dame ni ba, ban ma yi tunanin tana da wani amfani ba. Mai sunan nake son sani.

Tankari ya ɗago kai daga kan ragon. Ɗan Maraɗi ne, dillalin takalma, babu ginin kasuwar da bai sani ba a garin nan.

"Abhay ka ce? Ni dai na taɓa ganin sunan ga."

"A ina?"

"Bari dai, Babayo. Mu yanke ragon ga mu tahi."

Na zuba masa ido. Ya san ni.

"Guangyuan," ya ce. "Babban ginin tuhwahin nan na kusa da tashar jirgi, hawa na huɗu. Wani tela na Ba'indiye, an rubuta shi bisa ƙohwar butik ɗinshi. Kuma sau uku ina ganin matar marigayi ta shiga can. Da hijabinta, da cikinta."

"Yaushe?"

"Bayan rasuwa."

Cikin takaba ke nan. Macen da ko ƙofar gida bai kamata ta leƙa ba sai da dalili mai ƙarfi, ita ce za ta hau hawa huɗu wurin wani namiji, har sau uku. Na buɗe waya na sake duba hoton jaririn da Hajjo ta turo mini, don har ranar ban gan shi ido da ido ba, an riƙe su a asibiti ni kuma ina lodi. Ja ne jawur, gashi kwance luf a goshi. Na san duk jariri haka yake zuwa. Ko yarinyar da ba ta yi aure ba ta san kunne ake dubawa in ana son sanin kalar da zai tsaya. Na sani sarai. Amma a ranar ban duba kunne ba.

Na ce wa mai gonar, da kiran da ake yi wa maigida a yaren ƙasar, "Lawban, ka ɗaure shi, zan dawo." Wuƙar na bar wa Tankari. Ba imani ne ya sa ba, binciken jaka ake yi a ƙofar tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ni ban taɓa buƙatar wuƙa a kan mutum ba. Yana ta kirana, ban waiga ba.

A cikin jirgin ina tsaye, ba abin da nake gani sai fuskar Saifullahi. Ina da shekara goma sha tara mahaifinmu ya rasu, shi yana da bakwai. Ni na raine shi, kuma ban raine shi da wasa ba. Yaro ne mai sanyin hali, in an yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin gado. Ɗan mahauta, a ce yana tsoron jini? Yana da shekara tara na damƙa masa wuƙa na kwantar masa da ɗan akuya. Ya tsaya jiki na ɓari, ya kwara mini amai a ƙafa. Na tuɓe masa riga na zane shi da igiyar ɗaure shanu har sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Washegari ya yanka. Ai ka ga ta yi amfani, haka na ce a lokacin. Wata rana ya dawo daga makaranta an ƙwace masa takalmi bai rama ba, na yi masa mari ɗaya a kunnen hagu, jini ya biyo wuya, daga ranar kunnen bai ƙara ji sosai ba. Da kaina na kai shi kemis. Ni na sa shi a makaranta, ni na kawo shi China, ni na yi masa aure. Ko a bara da ya liƙa wa dilar Yamai takardar Kano, a tsakiyar sito na kifa masa mari, da gemunsa da komai, bai ce uffan ba. Tarbiyya na ɗauke ta. Ina sonsa, wallahi ina sonsa, kuma ga shi ƙasa ba ta gama cinye shi ba wani tela ya shige masa gida.

Sha ɗaya da rabi na isa ginin. Cunkoso ne kamar kullum, masu jan kaya a keken hannu, 'yan Ghana, 'yan Mali, 'yan matan shago suna ta kiran "lawban, lawban". Ban jira lif ba, matakala na bi. Shagon yana can ƙuryar hawa na huɗu, sunan na sama da jan rubutu, da rubutun ƙasar a ƙasansa. Ɗan ƙaramin wuri ne, keken ɗinki biyu, teburin yanka, sai dutsen guga mai tururi yana huci a gefe.

Na zaci matashi zan tarar, mai gashin baki irin na fim. Sai ga wani ɗan siririn mutum ya haura hamsin, furfura ta cinye kansa, tabarau a hanci, tef ɗin awo a wuya, yana cin shinkafa a ɗan kwanon ƙarfe. Da mai hankali ne ni, nan zan tsaya in yi tambaya.

Da ɗan Turancin da muke ciniki da shi na ce, "Kai ne Abhay?"

Ya ajiye cokali. Ya dube ni tun daga takalmi, ya tsaya a kan hannuwana.

"Kai ne Babayo," ya ce.

Ya san sunana. Ita ta faɗa masa ke nan, har hirata suke yi. Na juya na kamo ƙofar ƙarfen na sauke ta har ƙasa.

Shekara tara na yi ina dambe, daga Kano har Gusau an san hannun nan nawa. Naushin farko a haƙarƙari na ba shi, don ban so ya suma da wuri. Ya ninke biyu, shinkafar ta watse. Na kamo shi da tef ɗin wuyansa na ɗago, na ba shi na biyu a baki. Tabarau ya yi gefe, haƙori biyu suka faɗo a kan teburin yanka. Ina dukansa ina zaginsa da Hausa, zagin da ban yi ba tun ina kwata, ina tambayarsa tun yaushe, tun ƙanena yana da rai ne, a gadon ƙanena ne ko a kan wannan teburin. Ko kalma ɗaya bai gane ba, ni kuma ba amsa nake nema ba.

Ba rago ba ne, wannan zan faɗa a kansa. Ya lalubo dutsen gugar nan ya manna mini a damtse. Na ji ƙauri irin na babbaka kafin in ji zafin. Na ɗaga shi cak na maka da bango, sandunan yadi suka zubo mana. Ya rarumo almakashi ya soka mini a cinya, ya yage wando da nama. Na taka wuyan hannun da ke riƙe da almakashin, na danna da nauyina duka har na ji ya ce ƙas. Sai a lokacin ya yi ƙara. A waje an fara dukan ƙofar, ana ta hayaniya da yaren ƙasar.

Idona ya riga ya rufe. Na jingina shi da keken ɗinki, na ja baya na tattaro ƙarfina duka, irin naushin da nake kashe wasa da shi. Ƙafafunsa ne suka gaza ɗaukarsa, ya sulale ƙasa, hannuna ya sauka a kan keken, ƙarfe zalla. Na ji ƙasusuwan sun ruguje har cikin ƙwaƙwalwata. Ban tsaya ba. Na durƙusa masa a ƙirji, na riƙe gashinsa da hannun da ya karye, na ɗaga ɗayan zan wanke shi da mari.

Ya tofar da jini, ya juyo mini da gefen fuskarsa da kansa.

"Kunnen hagu," ya ce. "Ya ce nan ka fi so."

Hannuna ya tsaya a sama.

"Wa ya ce?"

"Saifullahi. Ɗaga ni, ba na iya numfashi."

Na sauka daga kansa. Ya ja jiki ya jingina da ƙafar teburi, ya rungume karyayyen hannunsa. Maganar tana fita da ƙyar, da iska ta gurbin haƙoran, wani wurin sai ya maimaita kafin in gane.

"Ni Dinesh ne. Abhay mahaifina ne. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa. Sunansa na sa wa shagon."

"Matar ƙanena me take zuwa yi a nan?"

"Ba ka tambayi abin da ƙanenka yake zuwa yi ba."

Ya nuna mini wata kujera 'yar tsugunno a bayan labule da haɓarsa.

"Shekara biyu a nan yake zama duk tsakar rana. Da farko samfurin wando ya kawo in gyara masa. Sai ya dawo washegari babu wando. Na koya masa yanka, hannunsa ya fi nawa kyau. A bayan labulen nan yake sallarsa, ni in kashe rediyo. Na tambaye shi me ya sa duk faɗin garin nan sai nan. Ya ce yayansa ba ya hawa sama da hawa na biyu."

Gaskiya ne. Masu jins duk a ƙasa suke, ban taɓa samun dalilin hawa sama ba sai ranar. Ni kuma duk tsakar rana cewa yake mini ya tafi neman kwastomomi.

"Da matarsa ta samu ciki," Dinesh ya ci gaba, "ya tsaya a bakin ƙofar nan ya daɗe yana kallon allon. Ya ce mene ne ma'anarsa. Na ce kalma ce daga Sanskrit, tsohon harshenmu, wanda yanzu sai a littattafai da wuraren ibada ake jinsa, amma yawancin sunayenmu daga can suka fito. Ma'anarsa wanda babu tsoro a tare da shi. Ya ce sunan gunki ne? Na ce a'a, kalma ce kawai, kamar ka ce ruwa ko haske. Ya ce to wa ya sa wa mahaifinka? Na ce kakata. A gefen hanya ta haife shi, shekarar da aka raba ƙasarmu biyu, suna gudu, ana yanka mutane a cikin jiragen ƙasa. Ta ce tsoron da ta sha da cikinsa ya ishe su su biyu, kada ya gaji ko kaɗan."

Ya yi tari, jini ya sake biyo haɓarsa. A waje wani yana ƙoƙarin ɗaga ƙofar da ƙarfe.

"Sai ƙanenka ya zauna a kujerar nan. Ya ce shekararsa talatin da biyu, ya yi aure, ya kusa zama uba, amma in wayarsa ta yi ƙara ya ga sunanka, sai hannunsa ya kama rawa. Ya nuna mini. Ranar ma ka kira shi yana nan, na gani da idona, sai da ya riƙe wayar da hannu biyu. Ya ce bai san yadda mutum yake ji ba in ya tashi da safe babu wanda yake tsoro. Ya ce in namiji ne, yana so ɗansa ya sani."

Na so in ce ƙarya yake, amma na san ba ƙarya ba ce. Ina zaune a ƙasa cikin shinkafa da jini, damtsena yana tashi, cinyata tana zuba, amma ba su nake ji ba. Kunya nake ji, da wani baƙin ciki da ya fi na ranar da aka kira ni a Kano aka ce ya rasu.

"Matarsa sau uku ta zo. Na farko ta karɓi almakashinsa da dardumarsa. Na biyu in rubuta mata sunan. Na uku in koya mata faɗarsa daidai, don ta ce ba ta so ta yi shekaru tana kiran ɗanta ba yadda ubansa ya so ba. Ko zama ba ta taɓa yi ba."

"Ka yafe mini," na ce. Ban tuna ranar da na taɓa faɗa wa wani haka ba.

Ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"A'a. Da hannun nan nake ci, ka karya shi. 'Yan sanda zan kira, in faɗa musu sunanka da inda kake aiki. Ni ba ƙanenka ba ne, ba zan rufa maka asiri ba."

Na tashi na ɗaga ƙofar da hannun hagu. Mutane sun fi hamsin, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Masu gadi biyu suna gaba, amma da suka ga girmana da jinin da ke jikina sai suka dare, ɗaya yana magana a rediyonsa. Wata mata mai shagon kusa ta kutsa ciki da tawul. Na bi matakala na sauka, na ɗaure cinyar da hular kaina da igiyar dila da na tsinta a ƙofa. Tasi uku suka ƙi tsaya mini, ta huɗu ta ɗauke ni.

Na san ba ni da lokaci mai yawa. A garin nan babu lungun da babu kyamara, kuma wanda ya yi irin abin da na yi, in ya fito daga hannu filin jirgi ake kai shi. Abu biyu nake so in yi kafin su zo, in yanka ragon, in ɗauki yaron.

Tankari yana nan a gonar inda na bar shi. Da ya gan ni ya miƙe, ya dubi wayarsa, ya dube ni. Bidiyon ya riga ni zuwa, yana yawo a guruf ɗin Hausawa.

"Ni ban ce ka taɓa shi ba, Babayo."

"Kwantar da ragon."

"Da wane hannu za ka yanka? Bari ni in yi."

"Kwantar da shi na ce."

Hannun dama ya kumbura ya yi suntum, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Na sa ƙotar wuƙar a tafin, na naɗe da ƙyalle, na ja ƙullin da haƙori. Na fuskantar da ragon alƙibla. Na yi bisimilla, na yi kabbara, na ce, "Wannan na Abhay ne, ɗan Saifullahi." Ban san ko na faɗe shi daidai ba.

Tun ina da shekara goma sha biyu ban taɓa jan wuƙa sau biyu a wuyan dabba ba. Ranar sai da na ja sau uku. Jan farko fata kawai ya tsaga, ragon ya yi wani irin kuka ya fizge, ya shuri Tankari a ƙirji. Na danne kansa da gwiwa na sake ja, jini ya yi tsartuwa ya wanke mini fuska, maƙogwaron bai gama rabuwa ba, yana ta gurnani yana kallona. Na uku ne ya gama shi. Mai gonar ya kau da kai yana girgiza shi. Na ba dabbar nan wahalar da ba ta ci ba, kuma na sani.

Tankari da mai gonar suka feɗe, ni na zauna a kan bokiti. Muka zuba naman a leda muka shiga mota.

Bayan la'asar muka isa Xiaobei. Radiyya tana hawa na biyar a wani tsohon gini marar lif. Tankari ya ce zai jira a ƙasa. Na saɓa naman a kafaɗa na hau, ina jan ƙafa ɗaya. Tun daga hawa na uku nake jin ƙanshin miya da muryoyin mata, takalma sun cika bakin ƙofa. Na yi sallama. Gidan ya yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Hajjo ce ta buɗe, rabin ƙofa. Ta dubi rigata, ta dubi hannun.

"Malam Babayo, ba ka bari na ƙarasa magana ba."

"Ga naman. Na yanka, na ambaci sunan da ya ce."

Ta karɓa ta miƙa baya ba tare da ta matsa daga ƙofar ba.

"Hajjo, za su zo su tafi da ni, kuma ba na jin za a bar ni in sake shigowa ƙasar nan. Ba na neman komai. Na janye maganar riƙo, na janye komai. A miƙo mini shi in ɗauka sau ɗaya, in yi masa addu'a. Ko nan bakin ƙofa ne."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai aka dafa kafaɗarta daga baya. Radiyya ce, da yaron a naɗe cikin farin tawul a ƙirjinta. Ƙafarsa ɗaya kawai ta leƙo, ita kaɗai nake gani. Idanunta sun kumbura, kuma a kaina suke.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Barka da arziki."

"Na gode da rago. Allah ya saka da alheri. Wasiyyar guda biyu ce. Ta farko suna, ka cika ta. Ta biyu na so in bar ta a cikina har in mutu, don kada ka ji zafi. Sau biyu ya maimaita mini ita, da robar iska a hancinsa. Ya ce ko da wasa kada in ɗora maka yaron a hannu."

Na riga na miƙa hannuwan ban sani ba, ɗaya a naɗe da ƙyalle mai jini. Na mayar da su.

"Ya faɗi haka?"

"Ya ce kuma in ce maka ya yafe. Amma kada in ba ka shi."

Ba ta buga ƙofar ba, a hankali ta tura ta, Hajjo ta murza makulli. Na ɗan tsaya. A ciki yaron ya yi 'yar ƙara, aka lallashe shi ya yi shiru.

Na sauko hawa biyar ɗin ina dafa bango. Tankari ya ce yana da wani abokinsa a Foshan da zai ɓoye ni kwana biyu. Na ce ya tafi gida. Na zauna a kan matakalar farko, daidai bakin titi, inda 'yan sanda za su gan ni da sun tsaya, ba sai sun hau sama sun buga mata ƙofa yaron yana barci ba.